Yaron da Hannun Ƙanensa Ya Kuɓuce Masa

Duk wanda ya zauna a Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa, ya san yadda Filato take a tsakiyar gari. Ba Filato ta Jos nake nufi ba. Wannan unguwa ce ta ofisoshi da dogayen benaye. Ajame tana arewa da ita, da babbar kasuwarta da tashoshin mota inda yaran gbaka suke kiran fasinja dare da rana. Tireshbil kuwa tana kudu, a ƙetaren ruwan Ebiriye, gadar Houphouet-Boigny da gadar De Gaulle ne suka haɗa ta da Filato. Masu jin Hausa, na Nijeriya da na Nijar, sun daɗe a cikin unguwannin nan biyu. Yawancinsu Musulmi ne, mu masu bi kuwa 'yan kaɗan ne a tsakaninsu. Daga kowace unguwa cikin biyun yaro zai iya takawa har Filato bai kashe ko dala ba.

A daren 31 ga Disamba 2012 yara da yawa sun taka. An shirya wasan wuta na shiga sabuwar shekara, ƙasar kuwa ba ta daɗe da fita daga rikicin zaɓe na 2010 da 2011 ba, wanda ya ci rayuka wajen 3,000, saboda haka mutane suna ƙishin abin murna. Da aka gama, jama'a suka juya za su koma gida, sai aka yi turmutsutsu a kan titi kusa da filin wasa na Felix Houphouet-Boigny. Kafin gari ya waye ranar 1 ga Janairu 2013 mutum fiye da 60 sun mutu, da yawa daga cikinsu yara ne da mata. Da safe titin yana cike da takalma da tufafin da ba masu su. Shugaba Alassane Ouattara ya ba da kwana uku na makoki a ƙasa duka. A filin wasan nan kuma, ranar 29 ga Maris 2009, wajen mutum 20 sun mutu cikin matsi a ranar wasan Kwaddibuwa da Malawi.

An ƙidaya matattu, an ƙidaya waɗanda suka ji rauni. Akwai wasu da ba a ƙidaya ba, su ne nake so mu yi tunani a kansu. Ƙaramin yaro ba ya zuwa Filato da tsakar dare shi kaɗai. Wani ne ya kai shi, sau da yawa kuwa wansa ne ko yayarsa. Bari mu ɗauki guda ɗaya ba tare da suna ba, gama irinsa ba ɗaya ba ne. Mu ce shekararsa goma sha biyar, ɗan fari ne, suna zaune a gidan haya a Tireshbil. Uwarsa ta ce kada su wuce bakin gada. Abokansa suka ce a ƙetara, ƙanensa ɗan shekara tara ya yi ta roƙo a tafi da shi, ya kama hannunsa suka tafi. A cikin matsin hannun ya kuɓuce. Shi ya komo gida, ƙanen bai komo ba.

Tambayar ita ce: wannan yaro yana da laifi? In yana da shi, wane iri ne, nawa ne kuma? In ba shi da shi, me ya sa maganar da muke faɗa masa ba ta shiga?

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Abijan ne kawai. A kowane gari ana barin manyan yara da ƙannensu. Uwa ta tafi kasuwa da asuba ta bar yarinya da jariri mai zazzaɓi, yarinyar ta zaci zazzaɓin kullum ne, kafin yamma ya fara sanƙarewa. An aiki yara biyu da damina, ƙaramin ya faɗa lambatu ruwa ya tafi da shi. An je rafi wanka, an je gona, an hau keke. Muna cewa babban wa magajin uba, muna kuwa ɗora masa aikin uba tun bai yi gemu ba. In komai ya tafi daidai ba mai yabonsa. Ranar da abin ya ɓaci, shi ne na ƙarshe da ya ga yaron da rai.

Yadda muke zaman makoki

A gidan rasuwa kowa yana da wurinsa. Maza suna waje tare da uba, mata suna ciki tare da uwa. Maƙwabtanmu Musulmi suna zuwa tun da wuri, a gaskiya sukan riga wasu 'yan ikkilisiya isowa, su ce yaya haƙuri, Allah ya ba da dangana. A Abijan kuma Kirista sukan ajiye gawa kwanaki, a kafa rumfa a titi, a kwana ana waƙa da addu'a. Duk wannan alheri ne. Amma ka duba inda wan marigayin yake. Yana ɗaukar kujeru, yana ɗebo ruwa, an aike shi sayen ƙanƙara. Mutum ɗari sun shiga sun fita, ba wanda ya tsaya a gabansa ya yi masa ta'aziyya, domin a ganinmu rasuwar ta iyaye ce. Alhali kuwa shi ne ya kwana a tabarma ɗaya da marigayin shekara tara, da shi suka ci garba a kwano ɗaya, shi ne ya raka shi makaranta. Mu ne muke cewa ɗan'uwa rabin jiki, amma ranar da rabin ya tafi sai mu aiki sauran rabin sayen ƙanƙara.

In an tuna da shi, magana biyu ake faɗa masa. Ta farko: ba laifinka ba ne, ka daina tunani. Ta biyu: nufin Allah ne, kwanansa ne ya ƙare. Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, ban kuwa ce ƙarya suke yi ba. Abin da na ce shi ne maganar ba ta isa inda ciwon yake.

Ɗauki ta farko. Yaron ya san abin da masu ta'aziyya ba su sani ba. Ya san an ce kada su ƙetare gada, suka ƙetara. Wataƙila ya san ya yi wa ƙanen tsawa a hanya domin yana jan ƙafa. Wataƙila a daidai lokacin da hannun ya kuɓuce ya ɗaga nasa hannu ne domin ya kāre fuskarsa. Idan ka ce masa ba laifinka ba ne tun ba ka ji labarin ba, a ransa zai ce, “Malam bai sani ba ne, da ya sani da bai faɗi haka ba.” Ta'aziyyarka ta zama ƙarin shaida a kansa, domin yanzu yana ganin kansa mai laifi ne kuma mai ruɗin mutanen kirki.

Ta biyu kuwa gaskiya ce babba, gama rai da mutuwa a hannun Ubangiji suke. Amma ɗan shekara goma sha biyar yakan ji ta da wani kunne dabam. Yakan ce, ashe Allah ne ya so ƙanena ya mutu, ya kuwa zaɓi hannuna ya yi aikin da shi. Daga nan sai addu'a ta yi masa nauyi. A ajin baftisma na sha ganin yaro mai ƙwazo ya koma kujerar baya bayan rasuwa a gidansu, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya, mutane su ce shaiɗan ne ko miyagun abokai. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Igiya biyu da suka sarƙe

A ganina abin da yaron nan yake ɗauke da shi ba abu ɗaya ba ne. Igiya biyu ce ta sarƙe har ta zama kamar ɗaya. Akwai abin da ya aikata, akwai kuma abin da ya faru.

Katekizim da muke koya wa yara yana cewa kafin abu ya zama babban zunubi sai an sami sharaɗi uku: al'amarin ya zama mai nauyi, mutum ya san haka sarai, ya kuma aikata da yardar ransa. Ko a ikkilisiyoyin da ba su jera shi haka ba, kowa ya yarda Allah yana duban zuciya da niyya. To, mu auna. Yaron ya san an hana shi ƙetare gada? Ya sani. Ya ƙetara da son ransa? I. Wannan rashin biyayya ne, nasa ne, kada a ɓoye masa. Amma irin rashin biyayyar da dubban yara suka yi ne a daren nan, suka komo gida lafiya, aka yi musu faɗa ko ba a ma sani ba. Ya san za a yi turmutsutsu? Bai sani ba. Manyan da suka shirya bikin, da 'yan sanda da motocinsu, su ne ke da hakkin tsara hanyar fitar jama'a, ba ɗan makaranta ba. Ya so ƙanensa ya mutu? Ya kai shi ne domin ya ga wuta mai launi a sama, wato ƙauna ce ta sa ya tafi da shi. Laifin yaron da ya komo da ƙanensa da na wanda bai komo da shi ba daidai suke a ma'aunin Allah. Abin da ya bambanta su baƙin ciki ne.

Sai maganar hannu. Nan ya kamata mai ba da shawara ya san yadda turmutsutsu yake kisa, domin sanin yana da amfani. Masu binciken irin wannan hatsari sun nuna cewa yawancin waɗanda suke mutuwa matsi ne yake kashe su: ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya yanke, har mutum yana iya mutuwa a tsaye. In taro ya cushe ƙwarai ba mai iya zaɓen inda zai sa ƙafa, jama'a takan tafi da mutum kamar yadda ambaliya take tafiya da kara, ƙarfin matsin kuma yakan lanƙwasa shingen ƙarfe. A Mina, ranar 24 ga Satumba 2015, alhazai masu yawan gaske sun rasu ta wannan hanya, har da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, cikinsu akwai ƙarfafan maza da suka rabu da matansu da iyayensu a cikin matsin. Abin da ya lanƙwasa ƙarfe, ya raba magidanci da matarsa, yatsun yaro biyar ba za su riƙe shi ba. Wannan ba lallashi ba ne, haka abin yake, yaron kuwa yana da hakkin a gaya masa dalla-dalla.

Ubangijinmu Yesu ma an kawo masa irin wannan labari. A cikin Luka sura 13 ya ambaci mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mazaunan Urushalima zunubi. Mutanen zamaninsa suna so kowace masifa ta zama hukunci a kan wani, domin a san wanda za a nuna da yatsa. Bai ba su wannan ba. Ya kira kowa ga tuba, amma bai ɗaura faɗuwar ginin a wuyan waɗanda ta faɗa wa ba. Ina faɗin haka domin har yanzu akwai masu kiran kansu annabawa da za a kai musu uwa mai makoki, su rufe ido su ce akwai hannun wani a cikin gida. Da yake yaron ne yake tare da marigayin, ba a daɗewa sai a fara raɗe-raɗin maita a kansa. Wanda ya yi wa yaro haka ya ƙara wa gidan gawa ta biyu tana tafiya da ƙafa.

Me ya sa ba ya so ya saki laifin

Ga wani abu da yakan ba iyaye mamaki. Ko an bayyana masa duk wannan, ko ya gane da kansa, sai ka ga ya koma yana cewa ni ne. Kamar yana riƙe da laifin da hannu biyu. Dalili biyu nake gani.

Na ɗaya, in laifinsa ne, to duniya tana da tsari: da na yi kaza da kaza bai faru ba, saboda haka in na kiyaye ba zai sāke faruwa ba. In kuwa ba laifinsa ba ne, dole ya yarda cewa mutum yana iya ƙaunar ɗan'uwansa, ya riƙe shi iyakar ƙarfinsa, duk da haka a ƙwace shi. Wannan ya fi laifi ban tsoro. Ko manya ba kowa yake iya dubansa ba.

Na biyu ya fi zurfi. A wurin yaron, azabar da yake yi wa kansa ita ce igiyar da ta rage tsakaninsa da ƙanen. In ya yi dariya a filin ƙwallo, sai ya ji kamar ya sāke sakin hannun. In ya ci jarrabawa, sai ya tuna akwai wanda ba zai shiga aji na gaba ba. Saboda haka yakan hana kansa abinci, ko ya bar karatu, ko ya shiga faɗa da tuƙin ganganci kamar mai neman a biya bashi da jikinsa. Wanda ya ce masa ka manta, a kunnensa cewa ya yi ka yashe da ƙanenka.

Littafin Farawa ya nuna mana irin wannan gida. Ra'ubainu ne ɗan fari na Yakubu. Da 'yan'uwansa suka ƙulla kashe Yusufu, shi ne ya ba da shawara a jefa shi rijiya, da nufin ya komo ya cece shi. Ba ya nan aka sayar da yaron. Da ya komo ya tarar rijiya ba kowa, ya kyakketa tufafinsa. Yusufu yana da shekara goma sha bakwai a lokacin. Bayan fiye da shekara ashirin, a gaban mai mulkin Masar, maganar tana nan ɗanya a bakin Ra'ubainu kamar jiya aka yi. Da aka zo batun tafiya da Biliyaminu, sai ya ce wa tsohonsa a kashe 'ya'yansa biyu in bai komo da yaron ba. Wane kaka ne zai sami ta'aziyya da kashe jikokinsa? Maganar ba ta da hankali, amma haka mutum yake magana in ya shekara ashirin da ciwon da ba a buɗe ba. Yakubu kuwa ya ƙi ta'azantuwa, ya manne wa ƙaramin, sauran suna gidan kamar ba su nan. A gidan Yakubu akwai ainihin mugunta da ƙarya, abin da babu a gidan yaronmu. Amma shirun iri ɗaya ne.

Biranen mafaka

A Shari'ar Musa akwai wani tanadi da ba mu cika yin wa'azi a kansa ba. Yana cikin Littafin Ƙidaya sura 35, da Maimaitawar Shari'a sura 19, da Joshuwa sura 20. An keɓe birane shida, uku a kowane gefe na Urdun: Kedesh da Shekem da Hebron a yamma, Bezer da Ramot da Golan a gabas. An yi su ne domin wanda ran wani ya salwanta ta hannunsa ba da niyya ba. Misalin da aka bayar na manoma ne: mutum biyu sun je jeji saran itace, ruwan gatari ya fice daga ƙota ya sami ɗayan ya mutu. Dangin mamacin za su bi shi da zafin zuciya, sai ya gudu zuwa birnin mafaka.

Shari'ar ba ta ce masa mai kisankai ba. Ba ta kuma ce masa ba abin da ya faru, koma gona ba. Ta san mutumin da irin wannan ya faru ta hannunsa ba zai iya tashi washegari ya zama kamar dā ba, ko da ba shi da alhaki. Sai ta ba shi wuri na uku. An ce a gyara hanyoyin zuwa biranen domin kada ya sha wuyar isa. In ya isa, yakan tsaya a ƙofar gari ya faɗa wa dattawa labarinsa, su ji, sa'an nan su shigar da shi su ba shi wurin zama a cikinsu. Zamansa kuma yana da iyaka: in babban firist ya rasu, ya koma gidansa, ba mai taɓa shi.

Yaronmu bai ma kai mai gatari ba, gama hannunsa bai kashe kowa ba. Amma mai binsa da fansa yana nan, a cikin ƙirjinsa yake kwana. Abin da yake bukata shi ne abin da aka ba mai gatari, kuma bisa ga jerin nan. Da farko hanya: wani babba da ya je wurinsa, bai jira yaron ya zo ba, domin ba zai zo ba. Sa'an nan ƙofar gari: a bar shi ya faɗi labarin duka, daga fitowa gida har komowa, ba a katse shi ba, ba a yi saurin cewa ya isa ba. Yana iya ɗaukar zama uku ko biyar kafin ya kai ga abin da ya fi ɓoyewa. In ya kai, kada fuskar mai ji ta sāke. Sai bayan haka ne za a zauna a warware igiyar tare da shi: “Ɗana, wannan naka ne, ka ƙetare maganar mahaifiyarka. Wannan kuwa ba naka ba ne, ko kusa.” A lokacin ne maganar nan ta ba laifinka ba ne za ta sami ƙarfi, domin ta fito daga bakin wanda ya ji komai.

Abin da yake nasa, a kai shi inda ake kai zunubi. Ɗan Katolika ya je wurin Fada a sakramentin tuba. A sauran ikkilisiyoyi ya yi addu'ar tuba tare da fasto ko dattijo, ya ji da kunnensa an shaida masa gafara cikin sunan Yesu Almasihu. Kada a raina wannan a ce ai ƙaramin abu ne. Ƙaramin abu ne, amma a kansa yaron ya rataye mutuwa ɗungum, in ba a cire ƙusar ba kayan ba za su sauka ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa tana kiran Almasihu Babban Firist namu, shi kuwa ya riga ya mutu ya tashi. Wa'adin zaman mai gudu ya cika tun kafin a haifi yaron.

Abin da ba nasa ba kuwa, wato mutuwar, ba a gafarta ta domin ba zunubi ba ce. Kuka ake yi mata. A Baitanya Marta da Maryamu kowacce ta tari Yesu da zancen da a ce, suna ganin da ya zo da wuri da ɗan'uwansu Li'azaru bai mutu ba. Bai tsauta musu ba, ya tambayi inda aka sa shi, ya yi hawaye. Mu muna cewa da na sani ƙeya ce, muna faɗa kamar mai rufe zance. Ubangiji ya bar 'yan'uwan mamaci suka faɗi tasu har ƙarshe. Tambayar da yaron zai yi daga baya, me ya sa shi ba ni ba, Ayuba ma ya yi irinta, Allah ya amsa masa da kasancewarsa, bai ba shi dalili ba. Kada katekis ya ƙirƙiro dalilin da Allah bai bayar ba.

Wani zai ce, to in rabon yaron ya fi haka girma fa? A ce ya saci makullin babur ɗin ubansa, ya ɗauki ƙanwarsa, ya yi gudun da ya san bai kamata ba. Nan ma hanyar ɗaya ce, sai dai abin da za a kai wurin tuba ya fi nauyi, kada kuwa a rage masa da ƙarya. Bitrus ya yi mūsun Ubangijinsa da sani har sau uku, Yahuza Iskariyoti ya bashe shi. Dukansu sun yi nadama mai ɗaci. Yahuza ya kai tasa wurin waɗanda suka ce ba ruwansu, ya fita shi kaɗai ya rataye kansa; Bitrus ya zauna cikin 'yan'uwa har Yesu ya same shi a bakin teku ya ba shi aiki. Saboda haka in yaro ya fara cewa gara ni ma in bi shi, ko ya daina barci da ci har makonni, ko yana raba kayansa, kada a ce yarinta ce. A tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita. A Ajame akwai cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasa, INSP, mai sashen kula da lafiyar hankali. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne, kamar yadda kai mai karaya wurin maɗori ba rashin bangaskiya ba ne.

Maganar da ta rage a bakin iyaye

Akwai gafarar da Fada ko fasto ba zai iya bayarwa ba, ita ce ta uwa da uba. Wannan shi ne wuri mafi wuya, ban kuwa ga laifin iyaye ba in ya yi musu nauyi. Uwar da aka nuna wa gawar ɗanta tana iya juyawa ta ce wa babban, “Ina ka kai mini shi?” Ita ta manta ta faɗa, gama ba cikin hankalinta take ba. Shi kuwa zai riƙe ta kalma kalma har ya yi furfura. Wata uwar ba ta ce komai ba, sai dai ta kasa duban fuskarsa, domin in ta dube shi ƙaramin take gani. Yaron yakan fassara wannan da cewa ta tsane shi.

Al'adarmu kuma ta ƙara wa abin wuya. Ɗan fari ne ake yi wa alkunya: ba a kiran sunansa, ba a nuna masa so a gaban mutane, ba a jawo shi jiki. A kwanakin lafiya wannan ladabi ne mai kyau, yaron ma ya san ƙauna ce a ɓoye. A kwanakin makoki kuwa, wanda ya fi kowa bukatar a kira sunansa shi ne wanda al'ada ta hana a kira. Ban ce a zubar da alkunya ba. Amma al'adar da ta hana uwa magana ita ce ta ba kaka da goggo da kawu baki, a ikkilisiya kuma muna da uban baftisma da uwar baftisma da matan zumunta. A nan baƙunci, inda kaka take can Maraɗi ko Zariya ko Kafanchan, su ne dangin. Ɗaya daga cikinsu ya zauna da uwar a keɓe, bayan an share makoki baƙi sun watse, ya gaya mata abin da ɗanta yake ɗauke da shi. Sau da yawa ba ta sani ba sam. In ba za ta iya dogon zance ba, kalma kaɗan sun isa, muddin daga bakinta suka fito: “Ban riƙe ka da komai ba. Kai ma ɗana ne.” Uba kuma ya sāke aikensa da sauran ƙannen. Yaron zai ji tsoro, uwar ma za ta ji, amma ranar da aka sāke ba shi hannun ƙaramin yaro ya riƙe, ya san hukuncin gidan a kansa.

Kada kuma a kwashe kayan marigayin a ɓoye, a hana ambaton sunansa. A bar wan ya zaɓi abu ɗaya ya ajiye, ko riga ko littafin makaranta. In ba a kai shi jana'iza ba, a kai shi kabari. A Kwaddibuwa ranar 1 ga Nuwamba, idin Dukan Tsarkaka, hutu ce, iyalai sukan cika makabartu kamar ta Wiliyamsbil da ke Ajame da ta Kumasi, suna share kaburbura suna addu'a. A ba yaron tsintsiya da ruwa ya yi aikin da hannunsa, in yana da maganar da zai faɗa wa ƙanen a ja da baya a ba shi wuri. In kuwa gawar an kai ta gida, sai a sa a ambaci sunan a Misa ko a sujada, a gaya wa wan tun da wuri domin ya kasance.

Ranar da abin ya faru takan komo kowace shekara, jiki kuma yakan tuna ko baki bai faɗa ba. Ga waɗanda suka rasa nasu a Filato, ranar ta faɗo a daren da gari duka yake murna, ana harba wuta a sama, ƙararta tana isa Tireshbil da Ajame. Yawancin ikkilisiyoyi suna da sujadar tsallake shekara a daren nan. Wanda ya ji labarin yaron ya je gidan da kansa ya ɗauko shi tun da sauran lokaci, ya zauna kusa da shi, in ƙarar ta fara yaron ya so fita waje, ya bi shi.